Ranar Zuwan Sufeto

Idan dogon hutu ya kusa ƙarewa, ka lura da allunan makarantun kuɗi na unguwarku. Ana sake musu fenti. Sunan makaranta a sama da manyan baƙaƙe. Hoton yaro da yarinya riƙe da littafi. Can ƙasa kuma, da Turanci, layi ɗaya da ba ya sauyawa, wanda ke cewa gwamnati ta amince. Mai bene hawa uku ta rubuta shi. Wadda ke cikin gidan haya mai ɗaki huɗu, da aka mayar da garejinsa aji ɗaya, ita ma ta rubuta. Wasu sukan ƙara lambar cibiyar WAEC da NECO a gefe. Sau da yawa mai fenti ɗaya ne ya rubuta su duka.

Ni da kai mukan karanta layin nan, hankalinmu ya ɗan kwanta. Ba laifi ba ne. Wanda zai ɗauki ɗansa mai shekara biyar ya miƙa wa baƙi daga safe zuwa azahar, dole ya nemi abin riƙewa. Sai dai ya kamata mu san yadda ake samun layin, da abin da mai ba da shi ya gani da idonsa. Akwai ranar da aka zo aka duba. Ranar kuwa tana da kamanninta.

Tun ana jibi ake ganin alamarta. Takarda ta iso ofishin hedimasta, ko wani ya bugo waya ya ce ga su nan tafe ranar Laraba. A taron safe a ce wa yara kowa ya wanke yunifom, ya yanke farce, ya zo da tsintsiya. 'Yan aji shida su kwaɓa farar ƙasa a bokiti, su bi duwatsun da aka jera daga bakin ƙofa zuwa ofis suna shafawa. Har gindin darbejiya ake shafa wa, daidai ƙugun mutum. A yayyafa ruwa a fili don ƙura ta kwanta. A zaro taswirar Najeriya da hoton ƙasusuwan jikin ɗan Adam daga bayan kabad, a kaɗe, a rataya. Banɗakin da ya daɗe da kwado a jikinsa a buɗe shi, a wanke da omo, a ajiye sabbin butoci biyu a ƙofa.

Ɗakin malamai ya fi ko'ina aiki. Kowa ya duƙufa kan babban littafinsa yana cike tsarin darasin makonnin da suka wuce. Biro ɗaya, zama ɗaya, kwanan wata daban-daban. A cike rajista. A bi littafin sa hannu a toshe guraben da aka bari. Idan makarantar kuɗi ce mai neman izinin buɗe sakandare, aikin ya fi haka. Akan aro kwalaben gwaji da madubin ganin ƙwayoyin cuta daga wata makaranta, a jera a tebur, a liƙa takarda a ƙofa cewa nan ne ɗakin kimiyya. Akan aro har malami mai NCE, ya zo ya zauna na yini guda. Ɗakin amarya ke nan ranar da 'yan ganin ɗaki za su zo. Komai na ƙyalli, amma wasu kwanonin da ke jere na maƙwabta ne, da magariba za a aiko karɓa.

Da hantsi su iso, su biyu ko uku, da fom a cikin fayil. Yara su miƙe su gaishe su da murya ɗaya. A kai su ajin malamar da ta fi kowa iya koyarwa. Darasin an yi shi jiya, an maimaita da safe, don haka duk tambayar da ta jefa sai ka ga hannuwa sama. Su ƙirga kujeru. Su ƙirga tagogi. Su duba takardun malamai, su sa hannu a littafin baƙi. Kafin azahar an kai musu lemo da kaza ofis, a wani wurin har da ambulan da ake ce wa kuɗin mai. Motarsu na fita, wani yaro ya tsuguna ya cire takalmin da ya aro wajen wansa, domin tun safe yake matse masa ƙafa.

Ba cewa nake sufeto maƙaryaci ne ba. Akwai masu yin aikin nan da tsoron Allah, wasu da babur ɗinsu da man aljihunsu. Aikin kuma ba sabo ba ne. Gwamnatin tarayya ta kafa sashen duba makarantu tun 1973, yanzu ana kiransa sashen tabbatar da ingancin ilimi. Kowace jiha na da nata. Ga na SUBEB, ga masu zagayawa daga ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da fom ke iya ɗauka. Fom na son abin da ake ƙirgawa. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, wannan ana iya ƙirga shi. Ya ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar mai koyarwa, wannan ana iya ganinta a fayil. Amma babu gurbi a fom da za a rubuta ko malam na komawa aji bayan tara ranar Alhamis. Babu gurbin yarinyar da ke benci na ƙarshe, wadda tun farkon zango ba a kira sunanta ba sai wajen kiran rajista.

Ka tuna abin da ya faru a Kaduna a 2017. Gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawar da aka tsamo daga karatun 'yan aji huɗu. Su 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba, aka sallame su. An yi ta jayayya kan adalcin jarrabawar, ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki, ni ma ina ganin ba za a rasa waɗanda aka zalunta a ciki ba. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Malaman nan ba a ɓoye suke koyarwa ba. Suna da takardun shaida a fayil. Makarantunsu na da littafin baƙi, da sa hannun masu zuwa dubawa shekara da shekaru.

Za ka ce ai mu ne ba mu iya ba, a inda aka iya makin hukuma abin dogaro ne. To mu leƙa Ingila, inda abin ke da tsari sosai. Tun 1992 suke da hukuma mai suna Ofsted. Ita ba ta tsaya ga amincewa kawai ba. Ta daɗe tana raba makarantu gida huɗu: wadda ta yi fice, mai kyau, mai buƙatar gyara, da wadda ta gaza. Rahoton kowace makaranta na kan intanet, kowa na iya karantawa. Ba a ba da dogon lokacin shiri. Waya ce ake bugowa ana gobe za a zo, a yi kwana biyu ana shiga azuzuwa. Makarantar da ta samu daraja ta sama sai ta buga ƙaton ƙyalle ta ɗaure a shingenta. Dillalan gidaje su sa darajar a cikin tallan gida, domin a can makarantar gwamnati mai farin jini takan duba kusancin gida wajen ɗaukar yara. Akwai iyalan da ke sauya unguwa, su ɗora wa kansu haya mai tsada, saboda abin da ke rubuce a ƙyallen nan.

Ba kowa ke tambayar shekarun ƙyallen ba. Daga 2012 zuwa 2020 doka ta ɗauke wa makarantun da suka yi fice zuwan sufeto na yau da kullum. Aka bar su da darajarsu. Shugaban makaranta ya yi ritaya, malamai suka sauya, yaran da sufeto ya gani a aji suka girma suka kama aiki, daraja na nan ɗaure a shinge. Da aka koma duba su a shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022, cikin 370 da aka yi wa cikakken bincike, 308 sun sauko daga matakin. Mafi yawansu matakin "mai kyau" suka koma, ba wai sun lalace ba ne. Amma idan aka yi matsakaicin lissafi, rabonsu da sufeto ya kai shekara 13.

Cikin irin waɗannan makarantu akwai firamaren Caversham, a garin Reading. Shugabarta, Ruth Perry, a nan ita ma ta yi firamare tana yarinya, ta dawo ta shekara 13 tana shugabancinta. A Nuwamban 2022 sufetoci suka zo. Suka ce koyarwa na da kyau, ɗabi'ar yara na da kyau. Amma suka sami giɓi a takardu da tsare-tsaren kare lafiyar yara, wannan kuwa a ƙa'idarsu yana jawo makaranta gaba ɗaya zuwa matakin ƙarshe. Daga sama ta faɗo ƙasa. Kafin a fitar da rahoton, a Janairun 2023, matar ta kashe kanta. Mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa zuwan sufetocin na cikin abin da ya jawo haka. Watanni kaɗan bayan rasuwarta aka sake duba makarantar, aka ce mai kyau ce. Gini bai sauya ba, yaran ma su ne. A Satumban 2024 gwamnati ta soke ba wa makaranta daraja guda ɗaya tilo, daga Nuwamban 2025 kuma aka koma ba da kati mai fannoni da yawa, kowane fanni da makinsa.

Tun kafin sokewar ma darajar ta rage amfani ga mai zaɓe. Ya zuwa 2024, makarantu tara cikin goma na Ingila na cikin matakai biyu na sama. Uwar da ke tsaye tsakanin makarantu biyu na unguwarsu sai ta ga ƙyalle iri ɗaya a shingen kowacce. Wani bincike da Sophie von Stumm ta Jami'ar York da abokan aikinta suka fitar a 2020 ya bi yara fiye da 4,000. Sun gano cewa darajar Ofsted na bayyana kashi 4 cikin 100 ne kacal na bambancin sakamakon yara a jarrabawar da suke yi suna shekara 16. Da aka cire tasirin halin gidan da yaro ya fito da ƙoƙarinsa tun daga firamare, sai ya koma kashi 1. Makarantar da ke tara 'ya'yan masu hali, waɗanda ke da littafi da mai duba musu aikin gida, sakamakonta zai yi kyau. Sai a ba makaranta yabon, alhali da yawansa daga gida yaran suka zo da shi a jaka.

Kar ka ɗauka ina cewa a watsar da sufeto. Ina son sa, kuma ina son a ƙara masa ƙarfi. Akwai abin da ni da kai ba za mu taɓa gani ba ko da kullum muna kai yara da kanmu. Ban san adadin rodin da ke cikin ginshiƙi ba. Ban san ko ginin da aka ɗora wa bene na biyu an yi harsashinsa don ya ɗauki bene ba. Ranar Juma'a 12 ga Yulin 2024, da safe, ginin wata makarantar kuɗi ya rufta a Busa Buji cikin Jos, yara na ciki suna jarrabawa. Mutum 22 suka rasu. Iyayen nan sun ga fenti, sun ga yunifom, sun biya kuɗin zango. Abin da ya kashe musu 'ya'ya na cikin siminti, inda sai injiniya mai ikon rufe makaranta ne zai iya leƙawa.

Haka nan ban san tarihin mutumin da ya buɗe makaranta ba, ko na wanda ya ɗauka aiki. Mutanen Kano ba su manta Hanifa Abubakar ba, 'yar shekara biyar da aka sace a Disamban 2021, aka gano gawarta a Janairun 2022. Mai makarantar da take zuwa ne ya aikata, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Bayan abin ya faru gwamnatin jiha ta janye takardun izinin duk makarantun kuɗi, ta ce kowa ya zo a sake tantance shi. Tantancewar da ake so ke nan, amma tun kafin a buɗe ƙofa. Ko a Caversham, abin da sufetocin suka je nema ba na wasa ba ne: wa aka ɗauka aiki, an binciki bayansa, idan yaro ya zo da alamar cutarwa a ina ake rubutawa. Kuskuren shi ne da aka dunƙule makaranta sukutum cikin hukunci ɗaya aka rataya wa mace ɗaya a wuya. A nan wajenmu abin da nake roƙo ƙarami ne. Sufeto ya zo ba sanarwa, da man gwamnati a motarsa, ya duba gini da mutanen da ke cikinsa, kuma abin da ya rubuta a liƙa shi inda iyaye za su karanta.

Wannan zai raba makarantar da ke da haɗari da wadda ba ta da shi. Ba zai gaya maka wacce ce ta dace da ɗanka ba. Wannan aikin naka ne, kuma gani ya kori ji. Ka je ranar da ba a san da zuwanka ba, bayan an dawo daga tara. Kafin ka shiga ofis ka ɗan tsaya a baranda ka saurara. Ajin da ake karatu da ajin da aka bar wa monita da bulala ba sautinsu ɗaya ba. Ka ƙirga azuzuwan da ke da babba a tsaye a gaban allo. Ka nemi a nuna maka banɗakin yara, ba na malamai ba. Idan aka shiga neman mabuɗi, ka jira. Ka duba ko na mata daban yake, ko ƙofarsa na rufuwa, domin yarinyar da ta fara girma takan daina zuwa makaranta kan abin da bai wuce sakata ba. Ka buɗe randa ka leƙa.

Abin da na fi yarda da shi shi ne littafin yaro. Ka roƙi maƙwabcin da ɗansa ke can ya ba ka littafin lissafinsa. Ka bi jan biro shafi shafi. Wani littafin za ka ga alamar daidai doguwa ɗaya ta ratsa shafi daga sama har ƙasa, har kan amsar da ba daidai ba. Malamin bai karanta ba, hannu kawai ya sa. Wani kuma za ka ga an zagaye lamba ɗaya, an rubuta gyara a gefe da ƙananan baƙaƙe, a shafi na gaba yaron ya sake yi. Ka duba kwanan watan aiki na ƙarshe da aka duba. Sannan ka kira yaron, in ɗan aji huɗu ne, ka miƙa masa abin da ba a taɓa biya masa ba. Kwalin magani ma ya isa. Yara da yawa sun haddace littafin karatunsu tun daga bango har bango, za su rera maka shi ido a rufe. A gaban kwalin nan ne za ka ga ko yana haɗa baƙi da wasali, ko kuwa fuskarka yake kallo yana jiran ka fara masa.

Kar allon sakamakon jarrabawa ya ruɗe ka. Makarantar da ke shelar cewa duk ɗalibanta sun ci kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, kowace shekara, ba ko mutum ɗaya da ya faɗi, ka tambayi yadda ake zama a zauren jarrabawarta. Kowa ya san akwai wuraren da ake biyan kuɗi na musamman a rubuta amsa a allo. Yaron zai fito da takarda mai kyau. A ajin farko na jami'a za a ba shi farar takarda da biro, babu kowa a gaban allo.

Ka dawo lokacin tashi. Minti goman nan sun fi awa biyu a ofis. Ka ga wa ke tsaye a ƙofa, da yadda ake sallamar ƙananan yara: ana miƙa kowa hannun wanda aka sani, ko buɗe ƙofa kawai ake su watsu cikin adaidaita sahu. Ka ga fuskar yaran idan malami ya gifta, ko suna matsowa ko suna noƙewa. Sai ka gaida mai gadi. Ka ce, "Baba, malaman bara suna nan kuwa?" In ya ce rabinsu sun tafi, ka ji labarin albashi ba tare da ka tambaya ba. Malamar da ake biya abin da bai kai kuɗin motarta ba, ko ake riƙe mata wata biyu, ba za ta kai ƙarshen shekara ba, ɗanka kuma zai ga sabuwar fuska kowane zango. Mai sayar da awara a bakin ƙofa ita ma ta san abubuwa. Ta san ajin da ake sakin yaransa tun sha ɗaya.

Akwai kuma nisa, wanda ba ya cikin kowane rahoto. Makarantar da ta fi suna a ƙetaren gari na nufin yaro ɗan shekara shida zai tashi kafin asuba, ya yi awa a cunkoson hanya, ya dawo a gajiye ya wuce Islamiyya. Akwai halin yaron kansa. Wa da ƙani za su shiga makaranta ɗaya, ɗaya ya buɗe, ɗaya ya shiga ciwon ciki kowace Litinin da safe. Uwarsu ce za ta fara lura.

Bayan duk wannan ka shiga ofis ka nemi takardar amincewar. Ka nema, haƙƙinka ne, kuma makarantar da ba ta da ita kar ka kai ɗanka. Amma ka karanta ta, kar ka tsaya ga hatimi. Ka duba shekarar da aka ba da ita. Ka duba adireshin, ko na wannan ginin ne ko na gidan da suka taso. Ka duba matakin da aka amince musu. Akwai makarantun da izininsu na nazare da firamare ne kawai, suka ci gaba da ƙara aji kowace shekara suna bin yaransu har sakandare. Ba za ka sani ba sai shekarar ƙarshe ta zo, a ce ka kawo ƙarin kuɗi, za a kwashi ɗalibai a mota zuwa wata makaranta su rubuta WAEC da sunanta.